Lissafin Da Ya Gano Tauraron Da Ya Ɓace

Babu wani awo da ɗan Adam zai yi wanda ba ya ɗauke da ɗan kure. In ma'aikacin safiyo ya ja ƙarfen awonsa tsakanin duwatsun iyaka biyu har sau huɗu, da wuya ya sami amsa iri ɗaya a dukkansu, kome ƙwarewarsa, kome kuma kyan kayan aikinsa. Zafin rana yakan sa ƙarfe ya miƙe, iska takan kaɗa shi, ido kuma yakan yi gaba ko baya da ɗan kaɗan. To, da wace amsa za a yi aiki, alhali kuwa a kanta ne za a ba mutum takardar fili, ko a kafa ƙafar gada, ko a zana taswirar ƙasa?

Yau fiye da shekara 200 ke nan da masana lissafi suka sami hanyar raba wannan gardama. Suna kiranta hanyar mafi ƙarancin murabba'i. Sunan yana da nauyi a baki, amma abin da ke cikinsa ɗan firamare ma yana iya bi.

Yadda Ake Yi

A ɗauka mai safiyon nan ya sami mita 50 da ɗoriyar santimita 2 a awon farko, da 4 a na biyu, da 5 a na uku, da 9 a na huɗu. Sai a zaɓi wata amsa a gwada ta, a duba tazarar da ke tsakaninta da kowane awo, a ninka kowace tazara sau kanta, sa'an nan a tara su duka. Wannan ninkawa ita ce murabba'in da ake faɗi, kamar yadda 3 sau 3 ke ba da 9.

In an gwada 5, tazarorin su ne 3 da 1 da 0 da 4. In an ninka su, 9 da 1 da 0 da 16, jimla 26. In an gwada 4, jimlar 30 ce. In an gwada 6, ita ma 30 ce. Ba wata lamba da za ta ba da jimlar da ta gaza 26, saboda haka mita 50 da santimita 5 ita ce amsar da za a riƙe. Mai lura zai ga cewa matsakaicin awo huɗun ke nan. Gaskiya ne, a ƙaramin misali irin wannan ba a bukatar wani dogon lissafi. Amfanin hanyar yana fitowa ne sa'ad da abubuwan da ake nema suka yi yawa, kuma suka sarƙe da juna, har ya zama in an taɓa ɗaya sauran sun motsa.

Dalilin ninkawar kuwa biyu ne. Na farko, don kada kuren da ya zarce da wanda ya gaza su share juna, a zaci babu kure. Na biyu, don babban kure ya fi jin jiki: tazarar 2 tana zama 4, amma tazarar 10 tana zama 100, don haka lissafin ba ya yarda a bar wani awo can nesa shi kaɗai.

Ɓatan Seres

A daren 1 ga Janairu 1801 wani limamin Kirista masanin taurari, Giuseppe Piazzi, yana duban sama daga birnin Palermo na tsibirin Sisili, sai ya hangi wani ɗan haske da ba ya cikin taswirarsa. Da ya bi shi dare bayan dare sai ya ga yana tafiya. Ya auna matsayinsa sau 24, na ƙarshe ran 11 ga Fabrairu, sa'an nan rashin lafiya ta kwantar da shi. Kafin labari ya gama isa ga sauran masanan Turai, abin ya matsa kusa da rana, haskenta ya rufe shi. Piazzi ya sa masa suna Seres. A yau an san cewa wata 'yar ƙaramar duniya ce mai faɗin kimanin kilomita 940, tana kewaya rana tsakanin duniyar Mas da ta Jufita.

Matsalar ita ce, Seres tana ɗaukar fiye da shekara huɗu da rabi kafin ta kewaye rana sau ɗaya, ga shi kuwa awon kwana arba'in da 'yan kai kaɗai ake da shi, kowane ɗaya da nasa ɗan kure. Manyan masana suka yi ta lissafi, aka yi ta nema inda suka nuna, ba a ga kome ba. Ana nan sai wani saurayi Bajamushe ɗan shekara 24, Carl Friedrich Gauss, mutumin Braunschweig, ya ƙirƙiro sabuwar hanyar fitar da tafarkin abin da ke kewaya rana, ya yi ta gyara amsarsa har ta dace da awon Piazzi gwargwadon iko. Wurin da ya nuna ya yi nesa da inda sauran suka ce. A watan Disamba 1801 Franz von Zach ya ga Seres daga garin Gotha, a farkon Janairu 1802 kuma Heinrich Olbers ya gan ta daga Bremen. Tsakanin inda Gauss ya faɗa da inda aka same ta bai wuce rabin digiri ba, watau kimanin faɗin wata daren sha huɗu. Tun daga ran nan sunan Gauss ya game Turai.

Sai dai ba shi ya fara buga hanyar mafi ƙarancin murabba'i a littafi ba. Wani Bafaranshe, Adrien-Marie Legendre, shi ya fara bayyana ta a 1805, a ƙarshen littafinsa kan tafarkin taurari masu wutsiya, shi ne kuma ya raɗa mata suna. Ya gwada ta a kan awon da aka yi na doron ƙasa daga Dunkirk zuwa Barcelona, awon da aka dogara da shi wajen tsai da tsawon mita. A 1809 Gauss ya fitar da nasa littafin, ya ce shi tun 1795 yake aiki da ita. Wannan magana ta ɓata wa Legendre rai ƙwarai, har aka yi ta musayar zafafan kalamai. Abin da masana tarihi suka tsaya a kai shi ne, Legendre ya riga bugawa, Gauss kuwa shi ya haɗa hanyar da ilmin yadda kurakuran awo ke rarrabuwa, har ya nuna yadda za a san iyakar amincin amsar da aka samu.

Daga Sama Zuwa Ƙasa

Daga shekarar 1818 Gauss ya ɗauki aikin safiyon masarautar Hanover. A irin wannan aiki akan shimfiɗa alwatika a kan ƙasa, daga wannan tsauni zuwa wancan, a auna kusurwoyinsu. Kusurwa uku na ƙaramin alwatika dole su taru su ba da digiri 180. In mai awo ya tara nasa ya ga sun zarce da daƙiƙa 6, kuma dukkan awon amincinsu ɗaya, hanyar ta ce a rage wa kowace daƙiƙa 2. In alwatika ɗari ne masu haɗa gefe da juna, lissafin yana raba kuren a tsakaninsu gaba ɗaya, yadda ba za a ɗora wa wuri guda nauyin sauran ba.

Haka aka yi a kusan kowace ƙasa. A Nijeriya, tushen da taswirorin ƙasar suka daɗe suna dogara da shi wani wuri ne da aka tsayar kusa da Minna, daga nan aka shimfiɗa sarƙoƙin alwatika gabas da yamma, kudu da arewa. Har yau ɗaliban Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo, da na jami'o'i, sai sun koyi wannan lissafi. Dutsen siminti da ake kafawa a kusurwar fili a Kano ko Legas yana samun lambarsa ne daga waɗannan manyan tashoshi, don haka kuren da aka bari a can yana iya zama shari'a a nan.

Masana ƙididdiga su ma sun ɗauke ta. A 1886 Francis Galton na Ingila ya kwatanta tsawon mutum 928 da na iyayensu, ya ga 'ya'yan dogaye sukan yi tsawo amma galibi ba sa kai iyayensu. Daga baya Udny Yule ya nuna cewa layin da ke bayyana irin wannan dangantaka da hanyar Legendre da Gauss ake fitar da shi. Da ita mai binciken aikin gona ke gano yawan hatsin da kowane buhun taki ke ƙarawa, ko da yake kowane yanki na gonar gwaji da irin tasa ƙasa. Da ita injiniya ke sanin ƙarfin rodi: yana ɗora masa nauyi kashi-kashi, yana auna miƙewarsa, sa'an nan ya ja layin da ya fi kusa da dukkan ɗigon da ya samu. Masu kula da madatsun ruwa ma da ita suke haɗa tsayin ruwa a jikin sandar awo da yawan ruwan da ke wucewa a kogi.

A 1960 Rudolf Kalman ya fito da wani salo nata wanda ke gyara amsa nan take duk sa'ad da sabon awo ya shigo, kuma da shi aka yi wa kumbunan Apollo ja-gora zuwa wata. Wayar hannu mai nuna wa direba hanya tana bukatar taurarin ɗan Adam huɗu kafin ta san inda take, amma sau da yawa takan ji fiye da haka, kowane da ɗan kurensa, sai ta daidaita su da irin wannan lissafi.

Inda Ba Ta Da Magani

Duk da haka akwai kuren da hanyar ba ta iya gani. Tana maganin kuren da ke faɗawa wani lokaci sama, wani lokaci ƙasa. Amma in mudu ne aka doke gindinsa, ko an auna sau dubu, kowane awo ya gaza, matsakaicinsu ma ya gaza. Babban madubin hangen nesa na Hubble da Amurka ta harba a 1990 misali ne. An goge madubinsa mai faɗin mita 2.4 da matuƙar kulawa, amma na'urar da aka yi ta duba shi da ita an ɗaura wani gilashinta a karkace da milimita 1.3. Awo ya yi ta dacewa da awo, hoto kuma ya fito dishi-dishi, sai da aka aika 'yan sama jannati suka gyara a Disamba 1993.

Haka kuma lamba guda da aka rubuta ba daidai ba tana iya jan layi gaba ɗaya zuwa wajenta, tun da yake ninka kure ake yi. A 1973 masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya tsara rukunin lambobi huɗu, kowanne ɗigo 11, waɗanda duk suka ba da layi iri ɗaya, amma da aka zana su a takarda sai aka ga ɗaya ne kaɗai layin ya dace da shi. Nufinsa shi ne mai bincike ya dubi lambobinsa da ido kafin ya amince wa amsa. Kuskure na uku shi ne a miƙa layi ya wuce inda awo ya tsaya: don buhu biyu na taki sun fi buhu ɗaya amfani, ba a ce buhu ashirin za su ninka haka ba, ƙona shukar za su yi.

A zamanin Gauss lissafin tafarki guda yakan ci makonni da alƙalami. Yanzu kwamfuta tana gama shi kafin ƙiftawar ido, kuma ba ta tambayar wanda ya ba ta lambobin ko ya je filin da ƙafarsa, ko a ƙarƙashin inuwa ya zauna ya cike takarda. Gauss ya gano Seres ne domin Piazzi ya tsaya cikin sanyin Janairu ya rubuta abin da idonsa ya gani, ba ƙari ba ragi. Saboda haka ma'aikatun safiyo da na ayyuka da ofisoshin ƙididdiga, wajibi ne su riƙa gwada ma'auninsu a kai a kai, su horar da masu ɗaukar awo, su kuma faɗi iyakar amincin kowace lamba da suka ba jama'a.