Yadda ake mayar da a-kori-kura ta zama kamar tafin hannu

Motar a-kori-kura samfurin Toyota Hilux mai ƙofa huɗu ta kan kai tsawon mita 5.3, amma a birnin Shizuoka na ƙasar Japan akwai kamfanonin da aikinsu shi ne su ƙera kwatankwacinta wadda ba ta wuce santimita 22 ba.

Ba a sayar da waɗannan ƙananan motoci a haɗe. Guntayen roba ne a cikin kwali, mai saye ne zai harhaɗa su da kansa, ya yi musu fenti.

Galibin masu wannan sha'awa magidanta ne, wasunsu kan shafe watanni a kan mota guda, burinsu kuma shi ne idan aka ɗauki hotonta a kasa bambanta ta da ta gaske.

Asalin sana'ar

Shizuoka ta daɗe da yin suna wajen sassaƙa, kuma a yanzu a nan ake yin akasarin irin waɗannan kayayyaki a Japan. A watan Mayun kowace shekara akan yi bikin baje kolinsu a birnin.

Kamfanin da ya fi fice shi ne Tamiya, wanda Yoshio Tamiya ya kafa a 1946 a matsayin wurin yankan katako, kafin ya koma amfani da roba a farkon shekarun 1960.

Ɗansa Shunsaku Tamiya, wanda ya rasu a watan Yulin 2025 yana da shekara 90, shi ne ya ɗora kamfanin a kan aƙidar auna abu na ainihi kafin a kwaikwaye shi.

A shekarun 1970 kamfanin ya sayi mota ƙirar Porsche 911, aka wargaza ta, don kawai a ga yadda kowane sashe nata yake.

A 1981 ne Tamiya ya fitar da ƙaramar a-kori-kurar Toyota da ake sarrafa ta daga nesa, mai girman kashi ɗaya cikin goma na ta ainihi. Tana da shasi na ƙarfe, da sifirin irin na babbar motar, da kuma giya uku.

Lissafin ma'auni

Komai a wannan aiki ya rataya ne a kan ma'auni. Idan an rubuta 1/24 a jikin kwali, ana nufin an raba tsawo da faɗi da tsayin motar gida 24.

Sai dai ba kowane abu ne ke yarda a rage shi haka ba.

Kaurin ƙarfen bodin mota bai cika kai milimita ɗaya ba. Da za a raba shi gida 24, da zai fi gashin kan mutum siranta, kuma ba robar da za ta jure hakan.

Shi ya sa masu zuba robar ke yin ta da kauri, daga baya kuma maharhaɗi ya bi bakin ƙofofi da gefen tayoyi da samfefa yana goge su, domin ido ya ga kamar siraran ne.

Haka batun fenti yake. Wanda ke jikin mota ta gaske bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita da yawa ba, don haka shafi ɗaya mai kauri ya isa ya cike layin ƙofa, ya binne kawunan kusoshi.

Ƙwararru kan fesa shi ne da ƙaramar na'ura mai aiki da iska, sama-sama, sau da dama, suna barin kowane shafi ya bushe.

Matakan haɗawa

Da farko akan yanke guntayen daga sandunan robar da suke maƙale a jiki, a kankare layin da mazubi ya bari.

Gam ɗin da ake amfani da shi narkar da fuskar robar yake yi, guntaye biyu su zama ɗaya. Ɗigo guda a kan gilashin gaba ya isa ya lalata shi.

Akan fara da inji da shasi, sannan kujeru da sitiyari, a ƙarshe a ɗora bodi, saboda da zarar an rufe motar hannu ba zai sake kai wa ciki ba.

Waɗanda abin da ke cikin kwali bai gamsar da su ba kan ƙara da nasu: siririyar waya a madadin bututun birki, da falle-fallen tagulla da aka zana da sinadari don yin ragar gaban lagireto.

A 'yan shekarun nan na'urar da ke buga abubuwa masu jiki ta sauƙaƙa wannan, inda mutum zai zana taya ko bamba a kwamfuta ya fitar da ita a gida.

Tsufa da gangan

Matakin da ya fi wuya shi ne na tsufar da motar, domin a-kori-kura motar aiki ce, kuma wadda ke sheƙi ba ta cika kama da ta gaske ba.

Wata dabara ita ce a fara shafa fenti mai launin tsatsa, a barbaɗa gishiri a kai, a fesa launin motar, sannan a goge gishirin. Inda ya tashi sai tsatsar ta bayyana.

Amma dole a san inda ta kan kama: ƙasan ƙofofi, da bakin salansa, da cikin akwatin baya inda kaya ke goga.

Launin ƙura ma shaida ne. Motar da ta yi aiki a kan jar ƙasa daban take da wadda ta ratsa rairayin hamada, kuma alƙalan gasa na lura da hakan.

Daga Fada zuwa kan teburi

Wani ɓangare na masu wannan sha'awa ya fi karkata ga a-kori-kurar da aka girka wa makamai, abin da tarihinsa ke da alaƙa da ƙasar Chadi.

A 1987 dakarun Shugaba Hissene Habre suka yi amfani da ɗaruruwan motocin Toyota wajen fatattakar sojojin Libiya masu tankokin yaƙi a Fada da Wadi Dum, lamarin da ya sa ake kiran faɗan Yaƙin Toyota.

Kamfanoni irin su Meng na ƙasar Sin suna yin kwatankwacin waɗannan motoci a ma'aunin 1/35, wanda shi ne aka saba amfani da shi wajen kayan soja.

A kan kwalayen irin waɗannan ba a cika ganin sunan kamfanin motar ba, domin sanya tambari na buƙatar izininsa.

Toyota dai ta sha nanata cewa ba ta sayar wa ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai motocinta, ciki har da a 2015, lokacin da hukumomin Amurka suka nemi bayani kan yadda suka shiga hannun mayaƙan IS a Iraƙi da Siriya.