Cinikin Giyar Mota a Gusau

Idan giyar mota ta mutu a Tsafe ko Bunguɗu, ba a cika jan motar zuwa Gusau ba. Bakanike zai kwance akwatin giyar, a naɗe shi a tsohon buhu, a jefa bayan motar haya. Da hantsi za ka gan shi da yaronsa a layin masu kayan gyaran mota, riguna baƙi ƙirin, suna cicciɓe da ƙarfen da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Tsohuwar giyar ce ma'auninsu. Da ita za a gwada wadda za a saya.

Shagunan ƙanana ne, kaya sun cika su har sun malalo waje. Injuna a jere, giyoyi a kife baki a ƙasa, ƙafafun mota da sifirin a jingine da bango, ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ta yi tauri kamar daɓe. Inyamurai da Hausawa ke riƙe da sana'ar, kuma kayan na zuwa ne daga Ladipo a Legas, da Nnewi, da Ƙofar Ruwa a Kano. Akwai ɗan Beljiyam, wato gwanjon da aka ciro daga motocin Turai ko Japan, akwai kuma na gida, wanda aka cire daga motar da ta gama aiki a nan.

Masu neman giyar tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu daban suke. Motarsu ta girmi yaron shagon, wani lokaci har mai shagon. Galibi Hilux ce, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1968, ta fitar da mai jan ƙafa huɗu a 1979. Jefi-jefi kuma akan sami Land Rover, 'yar Ingila da ta fito tun 1948, wadda jikinta na alminiyam ba ya tsatsa. Ba ƙwalisa ta sa ake riƙe da su ba. Da damina ta yi nisa, duk hanyar da ta rabu da kwalta ta koma laka da kwazazzabo, su kaɗai ke shiga ƙauye su fito da masara da waken suya, da mara lafiya, da mai naƙuda.

Irin waɗannan motoci akwati biyu gare su. Bayan babbar giya akwai ƙarama, wadda direbobi ke kira ogzilari, mai raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Tsohuwar Land Rover sanda uku ke tsaye gefen direba: ta canjin giya, da mai jan kai ta hawan tudu da jan kaya, da mai rawayan kai wadda ake dannawa ƙafa huɗu su kama. Fitar da giyarta ma aiki ne. Sai an cire kujera da daɓen gaba, a ɗaure ta da igiya a jikin sanda, a ɗago ta sama a fitar ta ƙofa. Ta Hilux kuwa ta ƙasa ake sauke ta, bayan an zare sandunan farfela biyu da kik da ƙarfen da ke tallafe da ita.

Wahalar wannan ciniki ita ce a rufe ake sayen kayan. Ba mai buɗe maka cikin giya kafin ka biya. Don haka bakanike kan tsuguna ya ƙirga haƙoran sandar da ke shiga kuloci, ya gwada ramukan noti da na tsohuwar, don bakin giyar mai fetur ba lalle ya hau injin gas ba. Sai ya sa lamba ɗaya, ya juya sandar da hannu, kunnensa a kusa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ribas. Daga nan ya kwance notin ƙasa, ya ɗiga ragowar mai a yatsa ya murza. In ya ji tsakin ƙarfe, ya tashi ke nan. Ina girmama wannan ilimi ƙwarai. Ba a takarda aka koya ba, shekaru aka yi a kwance ƙarƙashin mota.

Sannan a shiga ciniki. "Alhaji, wagga ba ta taɓa shan ƙurar ƙasarmu ba," in ji mai kaya. "To Oga, in ta yi kuka fa?" A nan ake ƙulla sharaɗin kwanakin gwaji, mai shago ya shafa fenti a kan notuna don ya gane in an buɗe an sauya masa kayan ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, "albarka" ta yi yawa a bakin 'yan kasuwa, kuma mutane da dama sun koma haɗa giya ɗaya daga matattu biyu. Abin da ba na so shi ne la'adar da akan ɗora wa mai mota a ɓoye, alhali ya riga ya biya bakanikensa ladan aiki.

Tsohuwar giyar ba ta komawa gida. Ko a rage kuɗi da ita, ko 'yan gwangwan su auna ta a sikeli.

La'asar na yi kowa ya fara duba rana, don a shekarun nan ba mai son magariba ta riske shi a kan hanya. Na Tsafe su bi ta gindin dutsen Kwatarkwashi, na Bunguɗu su kama hanyar Sakkwato. Washegari za a sa sabon faifan kuloci tunda an riga an buɗe, a ɗaga giyar a kan ƙirji da jak har haƙora su shiga, a ɗaure, a ɗura man giya. Sai a nufi rairayin bakin gulbi, direba ya sa ogzilari, bakanike na tsugune yana kallon ko ƙafafun gaba za su watsa yashi.