Sirrin Ƙyallin Ƙarfe a Zanen Kwamfuta: Darasi Daga Titin Bauchi

Duk wanda ya san Titin Bauchi a birnin Jos ya san titi ne na direbobi da ɗalibai. Tashar mota tana nan, haka kuma ɗaya daga cikin harabobin Jami'ar Jos, wadda ta soma a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta kuma tsaya da ƙafarta a 1975. A tsakanin jama'ar nan biyu ne masu zane da buga takardu suke neman abinci. A da, masu fenti da buroshi ne suke rubuta kirari a jikin manyan motoci da allunan kantuna. Yanzu kuwa samari masu kwamfuta sun shigo sana'ar, har aikin ya wuce allo ya kai ga tambarin da ɗan kasuwa zai ɗora a shafinsa na intanet.

Daga cikin adon da ake nema wurin masu zanen nan akwai rubutu mai ƙyalli irin na bambar mota ko salansar sabon babur, wato abin da makanikai suke kira kurom. Kurom dai wani ƙarfe ne da masanin Faransa, Louis Vauquelin, ya gano a 1797. Daga shekarun 1920 masana'antu suka soma shafa shi siriri a bisa wasu ƙarafa don ado da kariya daga tsatsa, kamar dai yadda ake shafa kuza a jikin gwangwani, abin da ba baƙo ba ne ga mutanen Jos.

To, a nan ne sabon shiga yakan yi tuntuɓe. Yakan ɗauka kurom launin toka ne mai haske, sai ya cika haruffansa da toka-toka da fari-fari. Da an duba sai a ga abin ya fito kamar robar bokiti, mai aiki ya ƙi biya, an yi asarar yini guda.

Gaskiyar magana ita ce kurom madubi ne, abin da ke kewaye da shi yake nunawa. Mai karatu ya tsaya gaban bambar mota da hantsi ya duba da kyau. A sama zai ga shuɗin sararin samaniya yana dusashewa har ya zama fari. A tsakiya zai ga baƙin layi mai kaifi, wato hoton gine-gine da bishiyoyi da duwatsu. Daga nan zuwa ƙasa sai jan ƙasa, mai duhu kusa da layin, yana washewa a hankali. In lokacin hunturu ne, da hazo ya rufe gari, bambar ma sai ta koma fari fat, domin abin da ta gani shi take faɗa.

Saboda haka gwanin zane yakan jera launukan nan bi da bi a cikin kowane harafi: shuɗi mai duhu, shuɗi mai haske, fari, sa'an nan baƙi nan take ba tare da sajewa ba, sai ruwan ƙasa, sai fari kuma a gindi. Wannan karo na fari da baƙi shi ne ran aikin. In an sassauta shi, ƙyallin ya mutu. Bayan haka sai a ɗan karkata baƙin layin ya yi lanƙwasa, domin ƙarfe mai doro yakan murɗe hoto, kamar yadda fuskar mutum take komawa a bayan cokali. Sai a sassaƙe gefen haruffa su yi tudu, a juya jerin launukan a wannan gefen, a ƙare da ɗigon haske ɗaya ko biyu a kusurwar da rana take dukansa. Wajibi ne hasken ya fito daga ɓangare guda a dukan haruffan.

Wannan dabara ta girmi manhajojin da ake aiki da su. Masu feshin fenti sun daɗe suna yin ta da hannu. A 1976 wasu masana biyu a Amurka, Jim Blinn da Martin Newell, suka bayyana yadda kwamfuta za ta naɗe hoton muhalli a jikin abu don ya yi kama da madubi. CorelDRAW ta fito a 1989, Photoshop a 1990, sa'an nan a 1991 fim ɗin Terminator 2 ya nuna wa duniya mutum na narkakken ƙarfe.

Amma shafin intanet yana da nasa sharaɗi. Galibin masu saye a waya za su ga tambarin, a fili ɗan ƙarami, kuma da datar da suka saya da kuɗinsu. Hoto mai nauyi yakan daɗe bai buɗe ba, har mai dubawa ya gaji ya wuce. Don haka akan ajiye tambarin a tsarin PNG in ana son bayansa ya zama fayau, ko SVG wanda ba ya dushewa komai girman da aka ba shi. Haruffa su kasance masu kauri, a ɗora su bisa bango mai duhu, domin farin kurom yakan ɓace a farin shafi. Lambar waya da adireshi kuwa a bar su a rubutu na sosai, kada ado ya hana a karanta su. In ba a gane sunan kanti ba, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Saurayin da ke son ƙwarewa ba ya bukatar tafiya nesa. Ya rufe kwamfutarsa na ɗan lokaci, ya taka zuwa tasha, ya ƙura wa bamba da madubin mota ido da safe da kuma yamma, ya kuma nemi tsofaffin masu fenti ya ga yadda suke karkata buroshi. Gani ya kori ji.