Bayani a kan asalin harshe da ginin magana

Ka sani, ya kai almajiri, Allah Ya buɗa maka, malamai sun yi saɓani a kan asalin harshe. Abul Hasan al-Ash'ari da Ibn Faris sun tafi a kan tauƙifi, wato Allah ne Ya sanar da shi. Hujjarsu aya ta 31 cikin Suratul Baƙara, inda aka koya wa Annabi Adamu, alaihis salam, sunaye. Abu Hashim al-Jubba'i ya ce isɗilahi ne, mutane suka daidaita a kansa. Abu Ishaƙ al-Isfarayini ya haɗa biyun: farkonsa daga Allah, sauran yana iya zama na mutane. Ibn Jinni, wanda ya rasu a shekara ta 392 bayan Hijira, ya kawo cikin al-Khasa'is zancen masu cewa asalinsa kwaikwayon sauti ne, kamar kukan dabbobi da rugugin tsawa.

Wasu ɗalibai suna zaton Larabci kaɗai ke da nahawu. Wannan kuskure ne. Ajuruma ta raba magana kashi uku, ismi da fi'ili da harafi, kuma ukun duk suna cikin Hausa. Larabci yana gane mai aikatawa da li'irabi, Hausa kuwa da jerin kalmomi. Ka ce "masunci ya kama kifi a tabkin Madarunfa", sannan ka musanya masunci da kifi, sai zance ya juye. Lokaci ma a Hausa yana zaune cikin ƴar kalmar da ke gaban aiki: ya zo, zai zo, yakan zo. Muna rarrabe kai da ke yadda Larabawa ke rarrabe anta da anti, amma ba mu da tasniya.

A kula da wannan wajen karatun ajami. Alifi yana raba garin tuwo da garin da ake zama. Amma kukan yaro da kukar miya rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya ke raba su, alƙalami bai rubuta wannan ba. Saboda haka wanda ya karanta takardun nan ba daga bakin malami ba, yana iya ɗora wa mai littafi abin da bai faɗa ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa al-Bahrul Muhiɗ a nahawu da al-Hisnur Rasin a sarfu, ga shi kuma ya yi waƙoƙi da Hausa. Aya ta 22 cikin Suratur Rum ta ƙirga bambancin harsuna cikin ayoyin Allah, don haka kada ka rena harshen da za ka fassara Littafinsa da shi. Wallahu a'alamu.