Ƙaninka Ya Haddace "Sau", Amma Ya Gane Kuwa?

Yau hirar tamu a kan ƙannenmu ce 'yan firamare, da lissafin nan biyu da ke ba su wahala: ninkawa da rabawa.

Ka taɓa lura? Yaro zai rero maka "biyu sau ɗaya biyu, biyu sau biyu huɗu" tiryan-tiryan kamar waƙa. Amma ka tsare shi ka ce 7 sau 8 nawa ne, sai ya koma farko. Ka ce ya raba 56 gida 8, sai zare ido. Hadda ce kawai, bai ga abin da lambobin ke nufi ba. In aka bar shi haka har sakandare, aljebra na zuwa zai yanke wa kansa hukunci cewa shi ba shi da kan lissafi.

To ya za a yi? Ɗauko kiret ɗin ƙwai. Layi 5 ne, kowane layi gurbi 6. Bar shi ya ƙirga da kansa: 30. Yanzu juya kiret ɗin, ya zama layi 6, kowanne gurbi 5. Ƙwan ya ƙaru? A'a. Ke nan 5 sau 6 da 6 sau 5 duk ɗaya ne. Wannan kaɗai ya rage masa aiki: daga 1 sau 1 zuwa 10 sau 10 amsoshi 100 ne, amma 55 kawai zai riƙe.

In ta yi tsauri kuma, a fasa ta. 7 sau 8? Ai 5 sau 8 ne, wato 40, a haɗa da 2 sau 8, wato 16. Ga 56 ta fito. Ko ya manta, yana da hanyar dawowa.

Rabawa fa? Ninkawa ce aka biyo ta baya. Fuska biyu gare ta, kuma a nuna masa duka. Ta farko: ƙwai 30, mutum 5, nawa kowa zai samu? Ta biyu irin ta mai tumatir ce a kasuwa: guda 30, ana kasawa shida-shida, kashi nawa za a samu? Yara da yawa ta farkon kawai suka sani, shi ya sa ta biyun ke rikita su a jarrabawa.

Kada a manta da saura. Dabino 17, yara 5: kowa 3, saura 2. Sai ya gwada amsarsa: 5 sau 3 a ƙara 2, ta koma 17? Shi ke nan, ya yi daidai.

Hadda na da amfani, amma bayan an gane. Minti 10 kullum da wake ko murafun kwalba ya isa, ba tsawa, ba bulala. Ku gwada yau da daddare, ku faɗa mana yadda ta kaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.