Mai Gadin Zafi

A ƙasar Gumel, daga watan Disamba zuwa Janairu, iskar hunturu takan buso da hazo da sanyi mai shiga ƙashi. A lokacin nan mutanen Gagarawa sukan zuba garwashi a kasko su kai ɗaki. In ɗakin ya yi zafi a fitar da kaskon, in ya huce a ƙara garwashi. Ba a rufe ƙofa a kwana da shi, domin iskar da ke fita daga garwashi tana kisa. Watau dole a sami mutum a farke yana lura.

A ƙasashen sanyi, kamar Ingila da arewacin Amurka, sanyinsu ya fi namu nesa ba kusa ba, har ruwa yakan daskare. Saboda haka sukan kafa babban murhu guda wanda ke ɗumama gida duka. To, wa zai kwana yana gadinsa?

Wani malamin kwalejin horon malamai a Amurka, Warren Johnson, ya gaji da yadda ajinsa yakan yi zafi ƙwarai ko sanyi ƙwarai. A 1883 ya fito da wata na'ura mai jin zafin ɗaki, ta buga ƙararrawa don mai kula da murhu ya sani. Daga baya aka gyara irinta har ta iya kunna murhu da kashe shi da kanta. Ita ce mai gadin zafi.

Ga asirinta. Ƙarfe in ya sha zafi yakan ƙara tsawo kaɗan, amma tagulla ta fi baƙin ƙarfe miƙewa. Sai aka manne falle biyu, ɗaya na tagulla, ɗaya na baƙin ƙarfe. In ɗaki ya yi zafi, tagulla ta miƙe ta bar ɗan'uwanta, sai fallen ya tanƙware, ya rabu da bakin waya. Lantarki ya yanke, murhu ya mutu. In ɗaki ya huce, fallen ya koma ya taɓa wayar, murhu ya sake kamawa. Na zamani da yawa ba su da wannan falle, amma aikinsu ɗaya ne.

Ku lura da abu guda. Mai gadin nan bai san zafin gida duka ba, na wurin da aka kafa shi kaɗai ya sani. In yana kusa da madafa, ko inda rana ke dukansa, sai ya zaci gida ya ɗumama, ya kashe murhu, alhali jariri da tsoho suna makyarkyata a ɗaki. In kuwa yana bakin ƙofa inda iska ke shigowa, sai ya bar murhu yana ta cin mai a banza.

Maganin wannan shi ne a sake masa wuri. Akan zaɓi bangon tsakiyar gida, kimanin ƙafa 5 daga ƙasa. Da fari ma'aikaci yakan kashe lantarki tukuna. Sa'an nan ya yi wa kowace waya alama kafin ya kwance ta, ya ja sababbi daga murhu zuwa sabon wurin, ya ɗaura kowace a mazauninta. In ya rikita su, murhu ba zai kama ba, ko na'urar ta lalace. Wannan aikin gwanaye ne, ba na yara ba.

Kada ku zaci sai a Turai ake ganinsa. Yana cikin firji, yana cikin dutsen guga na lantarki. Ƙarar nan "ƙas" da kuke ji in ana guga, shi ne ya yanke wuta. Yana kuma cikin na'urar ƙyanƙyasar ƙwai, inda ƙwan kaza ke bukatar zafin digiri 37 da rabi har kwana 21. Can ma daidai da ƙwan ake ajiye abin da ke jin zafin, ba kusa da wuta ba. In an saɓa, ba a ganin tsako.

Tambayoyi
1. Me ya sa fallen yake tanƙwarewa?
2. Don me ba a kafa mai gadin zafi kusa da madafa?
3. Me ma'aikaci yake fara yi kafin ya taɓa waya?