Borland

Borland Software Corporation kamfani ne na ƙasar Amurka da ya yi suna wajen ƙera kayan aikin rubuta manhajojin kwamfuta da manhajojin rumbun bayanai. An kafa shi a shekarar 1983. Hedikwatarsa ta daɗe a garin Scotts Valley da ke jihar Kaliforniya, kafin ta koma Cupertino, daga baya kuma Austin a jihar Texas. Daga cikin fitattun kayayyakinsa akwai Turbo Pascal, Delphi, C++Builder da JBuilder a ɓangaren rubuta manhaja, sai Paradox, dBASE da InterBase a ɓangaren rumbun bayanai.

Kamfanin ya samu ɗaukaka ne ta hanyar sayar wa ɗaiɗaikun masu rubuta manhaja da ɗalibai kayan aiki masu sauri a farashi mai rahusa. A farkon shekarun 1990 yana cikin manyan kamfanonin manhajar ƙananan kwamfutoci a duniya. Ya fara ja da baya bayan da ya shiga takara da Microsoft a kasuwar rumbun bayanai da manhajojin ofis, a daidai lokacin da masu amfani da kwamfuta ke ƙaura daga MS-DOS zuwa Windows. Kamfanin Micro Focus na Birtaniya ya saye shi a 2009, amma ana ci gaba da amfani da wasu kayayyakinsa a hannun wasu kamfanoni.

Kafuwa

Mutum huɗu ake danganta kafuwar Borland da su: 'yan ƙasar Denmak uku, wato Niels Jensen, Ole Henriksen da Mogens Glad, sai Bafaranshe Philippe Kahn, mai ilimin lissafi da ya yi ƙaura zuwa Amurka. 'Yan Denmak ɗin sun riga sun fara sayar da manhajoji a Turai tun 1981, sai suka lura cewa babbar kasuwar tana Amurka. Kahn ne ya jagoranci kamfanin da aka buɗe a Kaliforniya a 1983, shi ne kuma ya shugabance shi har farkon 1995. Borland ya fara sayar da hannun jarinsa ga jama'a a Landan a 1986, sannan a Amurka a 1989.

Turbo Pascal

Abin da ya fito da sunan kamfanin shi ne Turbo Pascal, wanda ya shiga kasuwa a watan Nuwamba na 1983. Pascal harshen rubuta manhaja ne da masanin ƙasar Suwizalan Niklaus Wirth ya ƙirƙira a 1970, musamman domin koyarwa. Kwamfuta ba ta fahimtar irin wannan rubutu kai tsaye, sai an samu wata manhaja mai fassara shi zuwa lambobin da na'urar ke aiki da su.

A wancan zamani irin waɗannan manhajojin fassara kan kai ɗaruruwan daloli, aiki da su kuma akwai wahala. Mutum zai rubuta umarninsa da manhaja ɗaya, ya rufe ta, ya buɗe wata domin fassara, sannan ya buɗe ta uku domin harhaɗa sassan, sau da yawa yana cire faifai yana sa wani. Idan an samu kuskure ko ɗaya, sai ya sake daga farko. Turbo Pascal ya tattara waɗannan matakai wuri guda, girmansa bai kai kilobayit 40 ba, yana gama fassara ƙaramin shiri cikin daƙiƙoƙi, idan kuma ya ci karo da kuskure sai ya kai mai rubutun kan layin da kuskuren yake.

Anders Hejlsberg, wani matashi ɗan Denmak, shi ne ya rubuta sashen fassarar, wanda ya samo asali daga aikin da ya riga ya yi a ƙasarsu. Borland ya sa farashin a kan dala 49.95, ya tallata shi a mujallar Byte, yana kuma aika wa masu saye ta gidan waya. Takardar lasisin ma ta bambanta da na sauran kamfanoni, domin ta nemi mai saye ya ɗauki manhajar tamkar littafi: yana iya kai ta kowace kwamfuta, yana iya ara wa wani, muddin dai mutum biyu ba za su yi amfani da ita lokaci guda ba. Wannan rahusa da sauƙi suka sa Turbo Pascal ya bazu a makarantu da jami'o'i na ƙasashe da yawa.

Daga nan kamfanin ya fitar da SideKick a 1984, wata ƙaramar manhaja mai ɗauke da kalkuleta, kalanda da wurin rubuta tunatarwa, wadda ke zama a ƙwaƙwalwar kwamfuta har a kira ta da madannai ana tsakiyar wani aiki. Sai Turbo Prolog a 1986, Turbo C da Turbo Basic a 1987, da Turbo C++ a 1990.

Shiga kasuwar rumbun bayanai

Borland ya shiga wannan fanni ne ta hanyar sayen wasu kamfanoni. A 1985 ya sayi Analytica mai manhajar Reflex, a 1987 kuma ya sayi Ansa Software mai Paradox. Paradox ya yi fice saboda yadda ake neman bayani a cikinsa ta hanyar ba da misali. Mai amfani zai ga jadawali babu komai a ciki, sai ya sa alama a ginshiƙan da yake son gani, ya rubuta sharaɗinsa a ƙarƙashin ginshiƙin da ya dace, manhajar ta fito masa da duk layukan da suka cika sharaɗin. Ma'aikacin ofis da bai koyi rubuta manhaja ba yana iya yin haka.

Babban cinikin ya zo a 1991, lokacin da Borland ya sayi abokin hamayyarsa Ashton-Tate a kan hannun jari na kusan dala miliyan 440. Ashton-Tate ne ke da dBASE, wanda Wayne Ratliff ya fara rubutawa a ƙarshen shekarun 1970 da sunan Vulcan, kuma wanda ya mamaye kasuwar rumbun bayanai na ƙananan kwamfutoci a shekarun 1980. Sai dai martabar dBASE ta riga ta zube tun fitowar dBASE IV a 1988, wanda ya zo da kurakurai masu yawa. Kafin hukumomin Amurka su amince da cinikin, sun gindaya wa Borland sharaɗin ya janye ƙarar da Ashton-Tate ya kai kamfanin Fox Software kan kwaikwayon harshen dBASE.

Bayan cinikin Borland ya tsinci kansa da manyan manhajoji biyu, Paradox da dBASE, masu aiki iri ɗaya amma ba sa jituwa da juna, kuma kowace na buƙatar a sake gina ta domin Windows. Microsoft bai ɓata lokaci ba. A 1992 ya sayi Fox Software mai FoxPro, a watan Nuwamba na shekarar kuma ya fitar da Access a farashin gabatarwa na dala 99. Paradox na Windows bai fito ba sai 1993, dBASE na Windows kuma sai 1994, lokacin da masu saye da yawa sun riga sun sauya sheƙa. Ke nan an yaƙi Borland da makamin da shi kansa ya fara ɗauka a 1983, wato karya farashi.

Shari'ar Lotus

Borland yana da manhajar jadawalin lissafi mai suna Quattro, wadda ta zama Quattro Pro a 1989. Domin sauƙaƙa wa waɗanda suka saba da Lotus 1-2-3, an sa mata zaɓin nuna jerin umarni irin na Lotus sak. A 1990 Lotus ya kai ƙara yana cewa an keta haƙƙin mallakarsa. Kotun farko ta ba Lotus gaskiya, amma a 1995 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, bisa dalilin cewa tsarin jerin umarni hanya ce ta sarrafa na'ura, dokar haƙƙin mallaka kuma ba ta kare irin wannan. A watan Janairu na 1996 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka suka rabu huɗu da huɗu, don haka hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ya tsaya. Har yau ana kafa hujja da wannan shari'a a muhawara kan abin da doka ke karewa a cikin manhaja. Nasarar ba ta amfani Borland sosai ba, domin tun 1994 ya sayar wa Novell da Quattro Pro saboda ƙarancin kuɗi. Kahn ya sauka daga shugabancin gudanarwa a watan Janairu na 1995.

Delphi

A watan Fabrairu na 1995 Borland ya fitar da Delphi, wanda Hejlsberg ya jagoranci tsara shi. Delphi ya gaji Turbo Pascal, yana amfani da wani nau'in harshen da ake kira Object Pascal. A cikinsa mai rubuta manhaja kan jawo maɓalli, akwatin rubutu ko jadawali da linzamin kwamfuta ya ajiye a kan fom, sannan ya rubuta abin da zai faru idan an danna kowanne. Visual Basic na Microsoft ma yana aiki a haka, amma Delphi ya fi shi a lokacin da cewa manhajar da aka gina da shi ana fassara ta gaba ɗaya zuwa harshen na'ura, abin da ke sa ta gudu da sauri.

An gina Delphi da nufin haɗa shi da rumbunan bayanai, daga Paradox da dBASE har zuwa manyan rumbuna irin su Oracle. Sunan ma daga nan ya fito: Delphi wuri ne a tsohuwar Girka da ake zuwa neman bokanci, kalmar Oracle kuma tana nufin bokan da ake zuwa tambaya. Daga cikin sanannun manhajojin da aka rubuta da Delphi akwai Total Commander, FL Studio da tsohon Skype na Windows.

A 1996 Hejlsberg ya koma Microsoft, inda daga baya ya jagoranci ƙirƙirar harsunan C# da TypeScript. Ma'aikata da dama sun bi wannan hanya, har Borland ya kai Microsoft ƙara a 1997 kan janye masa ƙwararru, aka kuma sasanta a wajen kotu. A shekarar ce kamfanin ya fitar da C++Builder da JBuilder, na biyun domin harshen Java.

Inprise da sayar da kayayyaki

A 1998, ƙarƙashin shugabancin Del Yocam, kamfanin ya sauya suna zuwa Inprise domin nuna cewa ya karkata ga manyan ma'aikatu. Sabon sunan bai karɓu ba, masu rubuta manhaja da yawa kuma suka ɗauka an juya musu baya. Tun kafin hakan Paradox ya riga ya koma hannun kamfanin Corel na Kanada, aka kuma sayar da dBASE a 1999. Shirin haɗewa da Corel da aka sanar a farkon 2000 ya wargaje cikin 'yan watanni, a watan Janairu na 2001 kuma aka dawo da sunan Borland.

A shekarun da suka biyo baya kamfanin ya mayar da hankali kan kayan kula da manyan ayyukan manhaja, kamar tattara buƙatun abokin ciniki, lura da sauye-sauyen rubutu da gwaji. Don haka ya sayi TogetherSoft, Starbase da Segue Software. A ɗaya ɓangaren kuma Eclipse, wanda ake rabawa kyauta, ya karya kasuwar JBuilder. A 2006 aka ware sashen kayan rubuta manhaja da sunan CodeGear, a 2008 aka sayar wa Embarcadero Technologies da shi a kan kusan dala miliyan 23. Micro Focus ya sayi ragowar kamfanin a watan Yuli na 2009 a kan kusan dala miliyan 113, adadin da bai wuce kusan rubu'in abin da Borland ya biya don Ashton-Tate ba.

InterBase da Firebird

InterBase ya shigo Borland ne tare da Ashton-Tate. Jim Starkey ne ya fara gina shi a tsakiyar shekarun 1980. Ya bambanta da Paradox da dBASE domin yana zama ne a kan babbar kwamfuta guda wadda sauran ke aika wa tambayoyi da harshen SQL. Yana cikin rumbuna na farko da suka yi amfani da dabarar ajiye tsohon kwafin bayani yayin da ake gyara shi, ta yadda mai karantawa ba sai ya jira mai gyara ya gama ba. A watan Yuli na 2000 kamfanin ya buɗe wa jama'a asalin rubutun InterBase 6.0, wasu masu sa kai suka ɗauka suka gina rumbun Firebird a kansa, wanda kyauta ne kuma ana ci gaba da inganta shi.

Inda kayayyakin suke a yau

Delphi, C++Builder da InterBase suna hannun Embarcadero, wanda kamfanin Idera ya saya a 2015, kuma ana fitar da sababbin nau'o'insu. Quattro Pro yana cikin tarin manhajojin WordPerfect Office. Micro Focus, wanda ya gaji sunan Borland, ya koma ƙarƙashin OpenText na Kanada a 2023. Tsarin fayil na dBASE mai ƙarewa da .dbf har yanzu shi ke ɗauke da jadawalin bayanai a cikin fayilolin taswira na shapefile da masu aikin safiyo da tsara birane ke amfani da su. Masu son rubutu irin na Turbo Pascal da Delphi ba tare da sayen lasisi ba kuma kan yi amfani da Free Pascal da Lazarus, waɗanda masu sa kai ke kula da su.